Babban Yatsan Don Evaristo

Dare uku na yi gaban kwamfutar ɗana,
a ɗakinmu na kan tudun Valparaiso,
jiragen ruwa na kuka can ƙasa a tasha,
ni kuwa ina fama da 'yar takarda
wadda ko tafin hannuna ba ta cika ba.

Shekara sha tara ina ɗinke wa wani kujeru,
sunansa a allon ƙofa, nawa a takardar albashi.
Shago ya rufe. Allura dai tawa ce.
Na ce bari in rubuta kaina.

Na zuba ja, na zuba ruwan ɗorawa,
na ƙara shuɗi irin na bangon maƙwabta,
na sa hoton kujera, na sa almakashi,
na sa tsuntsun teku don kawai ya burge ni.
Haruffa iri huɗu, wasu har da wutsiya.
Kujeru, labule, katifa, matashin kai,
rumfar kwale-kwale, da sauransu.
Lautaro ya ce, "Mama, ya yi,"
idonsa na kan wayarsa.

Na buga shida, na gangara gari.
Brunilda mai kifi ta goge hannu a rigar aiki,
ta kai shi nesa, ta dawo da shi kusa:
"Ya yi kyau. Gidan abinci za ki buɗe?"
Mai tasi ya ce lambar sai da tabarau.
Ƙanwata ta ce ina sunan babanmu.
Kowa ya barbaɗa gishirinsa,
miya ta ƙi shawuwa.

Sai Don Evaristo, mai tsohuwar maɗaba'a,
a lungun da ke warin tawada da jiƙaƙƙen katako.
Bai yaba ba, bai kushe ba.
Ya ɗora babban yatsansa, baƙi ƙirin, kan tsuntsun.
"An rasa wani abu?"
Na ce a'a.
Ya rufe almakashin. Ya rufe "da sauransu".
Yana rufewa zuciyata na suya,
kamar ana fitar da kayan ɗakina bakin titi.
"Wanda kujerarsa ta yage," in ji shi,
"sunanki yake nema, da lambar da zai kira.
Bar farin wurin ya sha iska.
Fili ba asara ba ne."

Da yatsan ya nufi wani siririn layi
da na ja a gefe, ɗige-ɗige kamar sawun allura,
sai na riƙe masa hannu.
"Ban da wannan. Ɗinkin kakata ne:
gajere biyu, dogo ɗaya."
Ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa.
"To, wannan ke ce. Sauran duk aro ne."

Ran Juma'a na koma na karɓa.
Kati ɗari, launi ɗaya, suna ɗaya:
Nelida Arancibia, gyaran kujeru.
Bas na nishi yana hawa tudu,
kujerar da na zauna ta ɓarke a gefe,
soso na leƙowa kamar harshe.
A tasha ta ƙarshe na zaro guda,
hannuna na ɗan rawa, na miƙa wa direba.
Ya karanta daga nesa, bai matso da shi ba.
Ya waiga ya dubi kujerar,
ya soke katin a cikin hularsa.