Shafi na Arba'in da Bakwai

Tarmo ya gaji littattafai uku daga kawunsa,
duka kan fatsa da koton ƙarya:
kifin katako, cokalin tagulla, tsutsar roba.
Tafkin Saimaa na daskare,
shi yana gefen murhu yana haddace
ja, tsaya, bari ya nutse, sake ja.

Ƙanƙara na narkewa ya tura kwalekwale
bakin ciyawa, maɓoyar kifin hauki.
Jifa ɗari. Shiru kake ji.
Ƙanwarsa Helmi, ko bango ba ta buɗe ba,
ta saki cokalinta tana ɓare lemu,
sai ruwa ya tsage.

Da dare ya sake dubawa.
Ga rubutun kawu a gefen shafi, ya dusashe:
"Kifi bai yi makaranta ba."