Bakin Kifi

Ran Alhamis a kasuwar El Alto,
inda iska kan yi wa huhun baƙo rowa,
na tsugunna gaban shimfiɗar Casilda
tsakanin tulin rimot da matattun caja.
Ga wata kwamfuta kwance, murfi a ɓalle.
Na ce, "Tana yi?" Ta ɗaga kafaɗa:
"Boliviyano arba'in. Ban ce tana yi ba."

Shekara talatin da ɗaya ina jan ƙaramar bas,
in gangara La Paz, in hauro da lodi.
Inji in ya yi tari, na san ciwonsa.
Wannan kuwa kuka uku ta yi, siriri,
ta ja bakinta ta tsuke,
yaren da ban taɓa ji a gareji ba.

Sai tambayoyi suka yi mini rubdugu.
Waɗannan 'yan gwangwanaye da suka kumbura
kamar kuncin mai ciwon haƙori, su ne?
In na ciro na cikin rediyon marigayiya,
za ta karɓa ko za ta yi hayaƙi?
Doguwar ƙafar, wane rami take shiga?
Dalma ta ɗiga mini a babban yatsa,
na taka rawar da ban taɓa yi a biki ba.

Dare na tara fanka ta juya.
Na zauna ina kallon ta
har kunun masarata ya huce, ban sani ba.

Nayra, jikata, 'yar aji uku,
ta ce, "Kaka Eleuterio, to me za ta yi maka?"
Na nuna mata rumfar leda a bayan gida,
tumatir goma sha biyu, latas layi ɗaya.
Da rana su dahu, da dare su daskare,
gwiwa kuma ta daina yarda da tsani.
Akwai ɗan injin da na zare daga firinta,
da ma'aunin zafi, da igiyar labule.
Taga nake so mai buɗe kanta,
ba sai na tashi ba.

Ta koya mini rubutun da inji ke ji.
Yatsa ɗaya, harafi ɗaya, kamar kaza na tsince.
Na manta waƙafi, allo ya yi ja.
Na manta baka, ya sake yin ja.
Ta ce, "Wannan alamar bakin kifi ce,
inda ta hangame, can ne babba."
Na ce na gane. Girman kai ne,
ban gane ba.

Na juya bakin kifin baibai.

Ƙarfe uku na dare, sanyi na sara kamar gatari,
taga ta buɗe kanta cikin ladabi.
Da safe ganye ya yi baƙi, ya lanƙwashe,
raɓa ta zama gilashi a kan latas.
Na ɗauki guduma, na tsaya a kanta.
Fanka na juyawa, ba ruwanta.
Abin da na ce shi ta yi, tsaf,
ba abin da na nufa ba.

Na tuna marigayiya, Remedios.
Shekara arba'in ina magana rabi-rabi,
tana ƙarasa mini sauran a zuci.
Na ajiye gudumar.
Ashe gata nake ci, ban lura ba.

Harafi ɗaya Nayra ta sa na gyara da hannuna.
Casilda ta ba ni irin tumatir a ƙullin jarida,
ta ce in biya ta da na farkon da ya nuna.

Yanzu ƙarfe huɗu, ina zaune cikin bargo biyu.
Dutsen Illimani bai fito daga duhu ba tukuna.
Taga a rufe take, igiya a sake.
Na gina ta don in samu barci,
ga shi ina gadin ta da tocila,
ban ko runtsa ba.