Ambulan Ƙarƙashin Matashi

A asibitin Soroka, can bakin kogin Nistru,
kowace ƙofa da farashinta.
Gado kusa da bututun ɗumi, lei ɗari biyu.
A juya tsoho kafin bayansa ya salluɓe, hamsin.
Ba a rubuta wannan a bango ba,
amma ko makaho ya haddace shi.

Ni ne Ilarion, mai sa barci kafin a yanka.
Shekara goma sha tara aljihun farar rigata
na hangame kamar bakin ɗan tsako.
Ban taɓa roƙo ba.
Tari kawai nake yi, in dubi agogo,
in dubi takalmin mai jinya.

Sai ga Zinaida,
nas ta dare, gajeruwa, mai ciwon gwiwa,
da ɗan gicciyen katako a zaren wuya
wanda gumi ya mayar baƙi.
Matar tsoho Gavril ta sayar da agwagi huɗu,
ta naɗe kuɗin, ta cusa mata a hannu.
Ta bi ta har matakala, tana ɗingishi:
"Iya, kin yar da abinki."

Muka yi dariya har da riƙe ciki.
Muka sa mata suna Waliyyiyar Fo.
Tun tana sabuwa muka ce yunwa za ta koya mata,
ai ciki ba ya jin wa'azi.
Hunturu bakwai suka wuce
tana cikin kwat ɗaya mai gwiwar hannu a fashe.

Ran da aka kawo takardar magunguna
wai sun lalace an ƙone,
alhali suna kan kanta a shagon tsallaken titi,
mu takwas muka sa hannu.
Layi na tara ya zauna fari fat,
kamar haƙori ɗaya a bakin da ya ruɓe.
Aka yanke mata alawus,
aka jibga mata daren Ista da na sabuwar shekara.
Ta zo da burodinta da albasa, ta yi aikinta.

Ba ta taɓa yi mini wa'azi ba,
abin da ya fi ci mini rai ke nan.
Sau ɗaya na tare ta wajen tafasa shayi:
"Ke wa kika fi?"
Ta ce, "Ba kowa, likita.
Almasihu ya riga ya biya kuɗina da jininsa,
me ya rage da zan sayar?"
Ta ɗauki tire ta fita.

A watan ƙanƙara jini ya bugi uwata.
Gado na sha ɗaya, ɓarin jiki a mace,
ni kuma an kira ni tiyata har asuba.
Na san garinmu, na san hannuwan dare.
Na zura ambulan mai kauri ƙarƙashin matashinta,
kamar yadda dubu suka yi mini.

Da gari ya waye na tarar an yi mata wanka,
an taje furfurar, an shafa wa leɓenta mai,
wani ya juya ta sau huɗu, an rubuta lokutan.
Ambulan kuwa na same shi cikin aljihuna
a jikin ƙusa, ba a ko ɓalle bakinsa ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba:
ran Talata na karɓi na wani.
Amma ya yi mini nauyi kamar dutsen niƙa,
na kasa sayen ko taba da shi.

Yau wani manomi ya tsaya gabana
yana murza hularsa, yana lalube a ƙirji.
Tarin nan ya taso mini har maƙogwaro.
Can ƙarshen baranda na ji takunta,
ƙafa ɗaya na jan ɗaya.

Na haɗiye.