Aji Mara Rufi

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidaje ke hawa kan juna kamar awaki,
akwai wani fili, da can juji ne.
Yanzu kabewa ke sarauta a wurin.

Ranar Laraba Malama Ximena kan rufe littafi,
ta tasa yara ashirin da uku a gaba,
su hau matakala ɗari da ɗoriya,
suna haki, suna rigima kan butar ban ruwa.

Tsoho Evaristo, wanda teku ta ci wa yatsu biyu,
shi ke jiransu a bakin ƙyaure.
Bai gama firamare ba.
Ya ce, "Ku tsuguna.
Ƙasa ba ta hira da na tsaye."

Amaru ya ƙirga wake goma sha biyu,
ya binne, ya rubuta a jikin kwali.
Bayan mako biyu, tara suka leƙo.
"Ina ukun?" Ido ya ciko da ƙwalla.
Tsohon ya nuna kurciya a kan waya:
"Ga lissafin ɗebewa can, yana kallonka."

Trinidad, wadda ba a san muryarta a aji ba,
ta tono tana, ta ɗora a tafin hannu,
tana ba ta labari
har jirgin ruwa ya yi kuka a tasha.

Ran Asabar, wajen wanki,
uwar Amaru ta zazzage aljihun rigar sanyinsa.
Wake uku suka gangaro,
ɗaya har ya fara tsiro.

Kurciya tana nan a kan waya.
Ba wanda ya ba ta haƙuri.