Baƙuwar Runjin Sambo

Cikin gwangwanin madara Luba ta kawo ki,
tun daga Jos, a kan cinyarta,
yini guda cur a motar haya.
Tsawonki bai kai taƙi biyu ba.
Ta ce, "Baba, sunanta jakaranda."
Na maimaita sau uku, harshena na tuntuɓe,
jikoki na ta dariya a bakin zaure.

Arzika ya leƙo ta kan katanga,
ya dube ki, ya dube ni.
"Wanga icce ba na ƙasagga ba na.
Rana na cinye shi kahin Jumu'a.
Dasa dogon yaro ka huta."
Ban tanka ba.
Dogon yaro ya cika unguwar nan,
kowa na shan inuwarsa,
ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya dube shi ba.

Na haƙa rami inda nake alwala,
zurfin kamu guda.
Na zuba takin tumaki wanda ya shekara,
da baƙar ƙasar fadamar Rima
da na goyo a buhu bayan keke.
Sau biyar a rana,
abin da ya gangaro daga gwiwar hannuna naki ne.
Ba ni da ruwan da ya wuce wannan:
famfo sai ya ga dama,
mai garuwa kuwa ba ya ba da bashi don itace.

Akuyar Inno ce ta fara yi miki barka da zuwa.
Ta cinye rassa biyu kafin in zura takalmi.
Na kewaye ki da ƙayar magarya
da tsohon kwando marar gindi.
Sai gara ta biyo ta ƙasa, ba sallama.
Na roƙo toka a murhun mai ƙosai,
na zagaye gindinki da ita.

Da bazara ta kankama,
kwalta ta yi laushi a titi,
ƙadangaru ma suka daina gyaɗa kai,
na kafa miki rumfa da wani tsohon zane.
Uwar Luba ta kwana biyu tana cigiyarsa.
Duk da haka kika zubar da ganye,
ɗaya, ɗaya,
har kika koma tsinke.
Arzika bai ce uffan ba.
Wannan ya fi ciwo.

Da asuba, kafin kowa ya fito,
na kankare bayanki da farce.
Kore shar a ƙarƙashi, har da danshi.
Na danne wurin da yatsa
kamar mai rufa wa wani asiri.

Luba ta kira a waya: "Baba, ta mutu?"
Na ce, "A'a, shawara take yi."

Ruwan farko ya sauka daren Talata,
ƙasa ta yi ƙamshi har cikin ɗaki.
Kwana tara ina zarya.
A na goma ga tofo,
ganye sirara kamar na bagaruwa,
sai dai ke ba ki zo da ƙaya ba.

An ce sai kin shekara bakwai, ko ma fiye,
kafin ki yi fure,
shunayya, mai zuba ya rufe ƙasa
kamar an shanya rini a marina.
Ni dai a wayar Luba na taɓa ganinsa.
An kuma ce a zafi irin namu
wata ba ta yi sam.
Shekaruna sittin da tara.
Wannan lissafin ba a hannuna yake ba,
buta ce a hannuna.

Yanzu kin kai ƙuguna.
Na ɗaure ki da tsumma jikin gora
don iskar hadari ba ta san baƙo ba.

Jiya bayan la'asar na kama Arzika
ya miƙo hannu ta kan katanga,
yana tsiyaya miki daga butarsa.
Ya ce, "Ragowa ta, kar ta ɓaci."
Sai ya tambaya, yana duban wani wuri,
"Mi kac ce sunanta?"