Gwangwanin Jamus

Ƙanena Sagiru ya aiko daga Jamus,
gwangwani guda, nauyinsa kamar bulo.
Na buɗe, wani abu mai danƙo,
ƙamshinsa tsakanin mazarƙwaila da ɓawon burodi.
Ya ce tsiron sha'ir ne aka tatse,
in dafa, in sanyaya, in sha lemona a gida.

Rubutun jikinsa ya fi ƙarfina.
Na aro tukunyar Inna Kande ta dahuwar suna,
na tare mai kura, jarka biyu,
na tsaya kan gawayi da muciya
har kumfa ta taso ta kashe min rabin wutar.

Kwalba goma sha ɗaya.
Firiji ya karɓe su da la'asar,
da isha'i aka ɗauke wuta.
Kwana huɗu taransifomar Gwammaja tana jinya,
garin kuwa ya ƙi yin sanyi domina.

Dare na biyar, tau!
Barira ta zabura da salati.
Wani tsami ya cika falo,
ban taɓa kai shi baki ba, amma hanci ya gane shi.
Ashe tsakanin lemo da abin da ba a faɗa
zafi ne kawai, da jinkiri.

Kafin ladan ya yi gyaran murya
na tuttular da sauran goman, ina waige.

Gwangwanin yana nan, gishiri ke ciki.
Jiya Sagiru ya kira: "Yaya ɗanɗanon?"
Na ce ya tambayi kwatar layinmu.