Shaidar Wake

Ƙarfe shida, a bayan garin Whittlesey,
duhu bai gama naɗe tabarmarsa ba,
ni da sandar ƙarfe mai tsawon mutum
muna bin kunyoyin taki, ɗaya bayan ɗaya.
Ta arba'in da ɗaya tana huci.
Na soka mata sandar har ciki
kamar mai tambayar rogo ko ya nuna:
sittin da bakwai.
Na rubuta da yatsun da sanyi ya ƙage.
A cikinta akwai wuta marar harshe
mai cinye ƙwayar cuta da irin ciyawa.

Duk abin da lambunan garin suka ƙi, nan yake kwana:
askin ciyawar ƙofar gida, ganyen da kaka ta kakkaɓe,
furannin bikin da aka manta,
itatuwan Kirsimeti da aka yi wa korar kare a Janairu.
Babba juji ne, in ji mutanenmu.
Ban san juji yana da ofis da fayil ba
sai da na zo nan.

Gethin yana kan katafila, idonsa a kan tutar iska.
In ta nuna gabas, ba ya juya komai,
don can gidan Misis Thackray yake,
kuma hancinta ya fi na'urarmu saurin kai ƙara.
Baƙin ruwan da ke tsiyaya daga gindin kunyoyi
muna tsare shi a tafki mai shimfiɗar roba.
Kullum ina duba bakinsa.
Ko cokali ɗaya ba zai gaisa da rafi ba.

A ɗakin gwaji na dunƙula takin kamar fura:
ya kama jikinsa, bai ɗiga ba.
Na tankaɗe shi a rariya,
na tsince leda, tsinin kwalba,
da kan wani sojan roba na wasan yara.
Na auna, bai kai haddi ba.
Takardar birni ta dawo: dalma kaɗan, cuta babu.
Kowace lamba ta ce lafiya lau.

Saura wake.

Tukwane goma sha biyu a bakin taga,
shida da ƙasar da na yarda da ita,
shida da takin arba'in da ɗaya.
Mako uku ina ba su ruwa ba tare da son kai ba.
Yau shidan farko sun buɗe tafi suna karɓar haske,
shidan baya sun dunƙule ganye
kamar hannun marowaci ranar biki.
Wani, a wata unguwa, ya fesa wa ciyawarsa magani
a bazarar da ta wuce,
ya aske, ya zuba a kwando, ya manta.
Wutar kunya ba ta ci wannan ba.

Mista Pocock ya ce tirela uku na jira,
manomin tumatir ya riga ya biya,
kuma ai takardu sun wanke mu.
Ban yi musu ba, Turancina gajere ne in raina ya ɓaci.
Tukunya ɗaya na ɗora masa a kan tebur,
kusa da kofin shayinsa.
Ya daɗe yana kallon ganyen.
A gida cewa ake wake ɗaya ke ɓata gari.
A nan, wake ɗaya ne ya hana a ɓata gona.

Babana a Gumel bai taɓa riƙe ma'auni ba.
Yakan ɗebi taki daga mangala, ya murza, ya sansana,
ya ce ƙasa ba ta karɓar rantsuwa.

Na sa hannu a kan ta arba'in.
Na sa a kan ta arba'in da biyu.
Tsakaninsu na bar layi fari,
tirelolin suka juya wayam, suna fesa taɓo.
Na wanke tukwanen da ruwan zafi.
Ƙarƙashin farcena har yanzu baƙi ne.
Gobe zan shuka wa ta arba'in da uku.